Shekarar 1922 a Duniyar Waƙa: Su Wa Suka Ɗauki Nauyin Ɗab'i?



Kafin mu shiga abin da ya tara mu, ya wajaba mu gode wa shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Mu dai ɗalibai ne, abin da za mu faɗa kuma kala ce muka yi a gonar magabata. Inda muka dace, to, madalla, inda muka kuskure kuwa malamai suna nan su gyara.

An nemi mu yi magana a kan waƙoƙin duniya. Wannan kogi ne wanda ba a iya ƙetare shi a zama ɗaya, saboda haka muka ga ya fi mu ɗauki shekara guda tak mu duba abin da ya auku a cikinta. Shekarar da muka zaɓa ita ce 1922, wadda ta ratsa 1340 da 1341 na Hijira. Manazarta adabi a ƙasashe da dama suna ɗaukarta a matsayin shekarar da sabon salon waƙa ya tsaya da ƙafafunsa. Tambayar da muka riƙe muna karatu ita ce: littattafan nan da ake ta nazari a jami'o'i fiye da shekara ɗari bayan fitowarsu, wa ya buga su, kwafi nawa aka buga, kuma me ya sami masu su? Amsar da muka samu ta ba mu mamaki, kuma muna ganin ta shafi duk wanda yake rubuta waƙa a cikinmu.

Sai mu fara da halin da duniya take ciki a lokacin. An gama Yaƙin Duniya na Farko a watan Nuwamba na 1918, bayan an yi asarar rayuka miliyoyi, galibinsu samari. Sarautar Rasha ta faɗi a 1917, ta Jamus da ta Ostiriya suka bi bayanta a 1918, a ranar 1 ga Nuwamba 1922 kuma aka kawar da sarautar Daular Usmaniyya a Turkiyya. A cikin wannan shekara ce Turawan Ingila suka ɗaure Gandhi a Indiya, Mussolini ya karɓi mulki a Italiya, aka kuma kafa Tarayyar Sobiyet a ƙarshen Disamba. Wanda ya ga irin wannan rugujewa da idonsa, da wuya ya ci gaba da rera waƙa yadda kakanninsa suka rera. Wannan shi ya sa mawaƙa a wurare masu nisa da juna, waɗanda yawancinsu ba su ma san da juna ba, suka shiga karya tsofaffin ƙa'idojin kari da amsa-amo a lokaci guda.

A Turai, abin da aka fi ambata shi ne doguwar waƙar T. S. Eliot mai suna The Waste Land, watau ƙasar da ta zama kufai. Eliot mutumin Amurka ne da ya zauna a Landan, yana aikin akawu a bankin Lloyds. A ƙarshen 1921 rashin lafiya ya sa aka ba shi hutu, ya tafi jinya birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, a can ya ƙarasa waƙar. Da ya biyo ta Faris sai ya miƙa wa abokinsa Ezra Pound takardun. Pound ya sa alƙalami ya soke kusan rabin abin da aka rubuta, abin da ya rage shi ne ɗango 434 a kashi biyar. Waƙar ba ta da murya guda, sai muryoyi barkatai, ga kuma guntattakin Jamusanci da Faransanci da Italiyanci har da Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Ta fara fitowa a watan Oktoba cikin wata sabuwar mujalla mai suna The Criterion, wadda Eliot da kansa yake shiryawa, kwafi 600 aka buga na fitowar farko. A Disamba aka fitar da ita a littafi a Niyu Yok, kwafi 1,000. A shekara mai zuwa, da aka zo buga ta a littafi a Ingila, marubuciya Virginia Woolf ce ta jera haruffan da hannunta a 'yar maɗaba'ar da ita da mijinta suka kafa a cikin gidansu. Takardun da Pound ya yi wa gyara kuwa an ɗauka sun ɓata, sai a 1968 aka sanar suna nan a ɗakin karatun jama'a na Niyu Yok, aka buga hotonsu a 1971. Da ba a adana su ba, da ba wanda zai san girman aikin da aboki ya yi wa abokinsa.

Irin wannan taimako shi ne ya fitar da Ulysses na James Joyce, mutumin Ailan. Ƙagaggen labari ne, amma ba a zancen 1922 a tsallake shi. Kotu a Amurka ta riga ta ci tarar matan da suke buga shi kashi-kashi a mujallarsu a 1921, saboda haka manyan kamfanonin ɗab'i suka guje shi. Wata Ba'amurkiya mai kantin littattafai a Faris, Sylvia Beach, wadda ba ta taɓa buga littafi ba, ita ta ɗauki nauyi. Ya fito ranar 2 ga Fabrairu, ranar da Joyce ya cika shekara 40, kwafi 1,000. Ba a halatta shigar da shi Amurka ba sai a ƙarshen 1933. A cikin wannan wata na Fabrairu har wa yau, mawaƙin Jamusanci Rainer Maria Rilke yana zaune a wani tsohon soro da ake kira Muzot a Suwizalan, wanda wani attajiri, Werner Reinhart, ya samar masa don ya sami natsuwa. Cikin 'yan makonni ya kammala dogayen waƙoƙi goma da ya fara tun 1912 suka gagare shi, ya kuma ƙara da gajeru 55. An buga su duka a 1923.

Idan muka juya Rasha, sai mu ga shekarar ta zo da yalwa da baƙin ciki tare. Boris Pasternak ya fitar da diwanin da ya rubuta tun 1917, wanda ya ɗaga sunansa. Osip Mandelstam ya fitar da Tristia, amma a Balin aka buga shi. Anna Akhmatova tana da sabon diwani a hannun jama'a, 'yan watanni bayan an harbe tsohon mijinta, mawaƙi Nikolai Gumilev, a Agusta 1921. Marina Tsvetaeva ta bar ƙasar a watan Mayu. A watan Yuni gwamnati ta kafa hukumar tace littattafai mai suna Glavlit, wadda ba a buga kome sai da izininta, kafin ƙarshen shekara kuma aka zuba malamai da marubuta cikin jiragen ruwa aka kore su zuwa Jamus. Abin da ya biyo baya sananne ne. An toshe wa Akhmatova hanyar buga waƙa daga tsakiyar shekarun 1920 har zuwa 1940. Mandelstam ya mutu a sansanin fursuna kusa da Vladivostok a 1938. Tsvetaeva ta koma gida a 1939, ta kashe kanta a 1941. Pasternak kuma aka tilasta masa ya ƙi karɓar kyautar Nobel a 1958. Waƙoƙin Mandelstam na ƙarshe sun tsira ne domin matarsa Nadezhda ta haddace su, ta kuma ɓoye takardun a hannun aminai har shekaru suka shuɗe.

Daga nan sai mu ƙetare teku zuwa Kudancin Amurka, inda labarin da ya fi taɓa mu ya faru. César Vallejo malamin makaranta ne daga wani ƙaramin gari a tsaunukan ƙasar Peru. An zarge shi da hannu a wata tarzoma da aka yi a garinsu, aka tsare shi kwana 112 a kurkukun Trujillo daga ƙarshen 1920 zuwa farkon 1921, wasu waƙoƙinsa ma a ɗakin kurkukun ya rubuta su. Da ya fito ya ci gasar gajeren labari, sai ya ɗauki kuɗin ya biya a buga masa diwaninsa mai waƙa 77, wanda ya sa wa suna Trilce, kalmar da shi ya ƙirƙira, ba ta cikin ƙamus. Maɗaba'ar da ta yi aikin kuwa ta gidan yarin birnin Lima ce, kwafi 200 aka buga a watan Oktoba. Masu sharhi suka yi shiru kamar ba a yi kome ba. A 1923 Vallejo ya tafi Faris, bai sake ganin ƙasarsa ba har ya mutu cikin talauci a 1938. Sai da aka sake buga littafin a Madrid a 1930 sannan aka fara lura da shi, yau kuwa ana lissafa shi cikin manyan littattafan waƙa na harshen Sifaniyanci.

A ƙasar Chile akwai wata malamar makaranta, Lucila Godoy, wadda take sa hannu da sunan Gabriela Mistral. Waƙoƙinta suna warwatse a jaridu da littattafan karatun yara, ba ta tattara su ba. Wani malamin jami'ar Columbia a Niyu Yok, Federico de Onís, shi ne ya yi lacca a kansu, masu sauraro suka nemi littafin, aka ce babu. Wannan ya sa cibiyar nazarin Sifaniyanci ta can ta buga mata diwaninta na farko, Desolación, a 1922, shekarar da Ministan Ilmi na Meziko, José Vasconcelos, ya gayyace ta ta taimaka wajen gyaran makarantu. A 1945 ta zama ta farko daga Kudancin Amurka da ta karɓi kyautar Nobel ta adabi. Ku lura, jama'a, lacca irin wadda muke yi yanzu ita ce sanadin littafin.

A Birazil kuwa taro aka yi. Shekarar ta dace da cikar ƙasar shekara 100 da samun 'yanci, sai wasu samari mawaƙa da masu zane da makaɗa suka kama babban gidan wasa na birnin São Paulo a watan Fabrairu, suka shirya abin da suka kira Makon Fasahar Zamani, da gudummawar wasu attajirai masu gonakin kofi. Manufarsu a daina kwaikwayon Turai ido rufe, a rubuta waƙa da irin Fotugis ɗin da mutanen Birazil suke magana da shi a titi. Masu kallo suka yi musu ihu da sowa, musamman lokacin da ake karanta wata waƙar Manuel Bandeira mai zambo ga tsofaffin mawaƙa. Mário de Andrade, ɗaya daga cikin jagororin, ya fitar da diwaninsa a kan birnin a wannan shekara. Taron da aka yi wa ihu shi ne yau ake koya wa yaran makaranta a matsayin mafarin adabin zamani na ƙasar.

Baƙar fata na Amurka su ma ba a bar su a baya ba. Claude McKay, haifaffen Jamaika, wanda ya yi aikin hidimar abinci a jirgin ƙasa, ya fitar da Harlem Shadows, a ciki har da waƙar da ya rubuta a 1919 lokacin da ake kashe baƙaƙe a tarzomar biranen Amurka. Abin sha'awa shi ne bai karya tsohon kari ba, ya ɗauki ma'aunin waƙar Turawa mai ɗango 14 ya zuba fushin mutanensa a ciki. A wannan shekara kuma James Weldon Johnson ya tattara waƙoƙin baƙaƙen Amurka a littafi guda, don ya nuna wa masu musu cewa akwai su. Waɗannan littattafai biyu suna cikin waɗanda suka share fagen farfaɗowar adabin unguwar Harlem, daga baya kuma Léopold Senghor na Senegal da Aimé Césaire na Martinik suka shaida cewa rubuce-rubucen McKay sun yi musu tasiri lokacin da suke ɗalibai a Faris. Har ila yau a 1922 aka haifi manyan mawaƙan Afirka biyu, Agostinho Neto na Angola da José Craveirinha na Mozambik. Dukansu sun sha ɗauri a hannun Turawan Fotugal, Neto kuwa shi ya zama shugaban ƙasarsa na farko a 1975.

Na ƙarshe a wannan zagaye shi ne Kazi Nazrul Islam na ƙasar Bengal, wanda a lokacin shekarunsa ba su wuce na yawancinmu ba, domin a 1899 aka haife shi. Ɗan talakawa ne, ya yi ladanci a masallacin ƙauyensu yana yaro, ya kuma yi aikin soja daga 1917 zuwa 1920. A Janairu 1922 wata jaridar mako-mako ta Kalkata ta buga waƙarsa Bidrohi, watau ɗan tawaye, nan da nan sunansa ya game ƙasar. A Agusta ya kafa tasa jarida mai suna Dhumketu, ma'ana tauraro mai wutsiya. Wata waƙa da ya buga a cikinta ta sa gwamnatin mulkin mallaka ta kama shi a Nuwamba, a Janairu 1923 aka yanke masa ɗaurin shekara guda bisa laifin tunzura jama'a. A kurkuku ya yi yajin cin abinci na fiye da wata guda saboda yadda ake wulaƙanta fursunoni. Rabindranath Tagore, dattijon mawaƙan Bengal wanda ya karɓi Nobel tun 1913, ya sadaukar masa da wani wasan kwaikwayo nasa yana tsare, don duniya ta san ba a yashe shi ba. Nazrul ya rasu a Dhaka a 1976, shi ne kuma ƙasar Bangaladash ta ɗauka mawaƙinta na ƙasa.

To, ina manyan kyaututtuka suka nufa a wannan shekara? Kyautar Nobel ta adabi ta 1922 an ba Jacinto Benavente ne, marubucin wasan kwaikwayo na ƙasar Sifen. A Amurka, a shekarar aka fara ba da kyautar Pulitzer ta waƙa, Edwin Arlington Robinson ya karɓa. Ba mu raina waɗannan mutane ba, kowannensu gwani ne a fagensa, sai dai a yau masu karanta Vallejo da Eliot sun fi masu karanta su yawa. Gaskiya ne mujallar The Dial ta ba Eliot dala 2,000 a shekarar, amma Nobel ba ta iso gare shi ba sai 1948. Abin da muka gani ke nan: mai kantin littattafai, da abokin da ya iya gyara, da matar da ta haddace, da malamin da ya yi lacca, da maɗaba'ar gidan yari, su ne suka riƙe waƙar 1922 har ta iso gare mu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwafi 200 ko 600 ba yawa ba ne, ɗaliban tsangaya guda a jami'a sun fi haka, amma da yake an buga, an sa shekara, an kuma ajiye a ɗakunan karatu, sai ga shi ƙarni guda bai shafe su ba.

A nan ne wata tambaya ta dame mu. Duk jerin littattafan 1922 da muka duba, ba mu ci karo da waƙar Hausa ko ɗaya ba. Shin ba a yi waƙa a ƙasar Hausa a wannan shekara ba ne? Kowa a zauren nan ya san an yi. Rubutacciyar waƙar Hausa ta riga ta yi ƙarfi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u. A 1922 Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya shahara da waƙa, yana zaune a Lakwaja inda Turawa suka kai shi bayan sun tuɓe shi, a can ya rasu a 1924. Ashe mu ma muna da mawaƙin da mulki ya raba da garinsa a wannan shekara, kamar yadda Rasha take da nata. A Kete Krachi ta ƙasar Gana ta yau, Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga, yana raye yana karantarwa, shi ne kuwa ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, bai rasu ba sai 1934. A ƙasar Zazzau kuma Aliyu Namangi, wanda daga baya ya yi Imfiraji, saurayi ne a lokacin.

Abin da ya hana sunayensu shiga jerin shi ne hanyar da waƙarsu take bi. Da ajami ake rubuta ta, da tawada da alƙalamin kara, almajiri ya kwafa daga malaminsa, a ajiye a gafaka, makafi da almajirai kuma su haddace su riƙa rerawa a ƙofar masallaci da kasuwa. Wannan hanya ta isar da waƙa ga dubban mutanen da ba su iya karatu ba, abin da littafin Vallejo bai yi ba a zamaninsa, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bugu da ƙari, malamanmu ba su yi sakaci da tarihi ba. Da yawansu sukan ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, su kuma saka ramzi, watau kalmar da idan aka haɗa adadin haruffanta za a fitar da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Abin da suka rasa shi ne maɗaba'a da ma'ajiya. 'Yan waƙoƙin da aka buga kafin lokacin, kamar waɗanda C. H. Robinson ya fitar a Kambirij a 1896, Turawa ne suka buga don amfanin masu koyon harshen. A watan Maris na 1922 ne Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta yaye su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hukumar Fassara ba ta zo ba sai 1929, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma sai 1939. Takardar da ke cikin gafaka kuwa abokan gabarta uku ne, gara da gobara da rabon gado, duk wadda suka cinye ta tafi ke nan, ba ta da kwafi na biyu a wani ɗakin karatu.

Kakanninmu suna da uzuri, mu fa? A lokacin da muke shirya wannan jawabi mun nemi tsofaffin fitowar mujallar ƙungiyarmu don mu ga irin waƙoƙin da yayyenmu suka bari. Abin da muka samu bai taka kara ya karya ba: fitowa kaɗan, wasu babu bango, wasu babu shekara, waƙoƙi da yawa kuma an sa musu laƙabi kawai, ba a san mai su ba. A yau ɗalibi yakan tsara waƙa mai kyau ya tura wa abokai ta waya ko ya saka a Facebook, a yaba kwana biyu, wayar ta lalace ko ta ɓata, shi ke nan. Malamin da ya saka ramzi a ƙarshen waƙarsa shekara ɗari da suka wuce ya fi mu kula da na baya. Idan wani ɗalibi ya tsaya a zauren nan bayan shekara hamsin yana son ya faɗi abin da aka rubuta da Hausa a zamaninmu, muna tsoron kada ya rasa abin da zai nuna, alhali kayan ɗab'in da suke hannunmu sun fi na gidan yarin Lima sau ba adadi.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa abubuwa huɗu. Na farko, duk wanda ya rubuta waƙa ya sa cikakken sunansa da gari da shekara a ƙarshenta, kamar yadda magabata suka yi. Na biyu, kada ya yi gaggawar fitar da ita, ya nemi abokin da zai faɗa masa gaskiya ko da zai soke masa rabi, domin Eliot bai ƙasƙanta ba don Pound ya yi masa gyara. Na uku, muna kira ga shugabannin ƙungiya su mai da shi doka cewa kowace fitowa ta mujallar nan a kai kwafinta ɗakin karatun jami'a da na sashen harsuna, a kuma riƙa fitar da jerin littattafan waƙar Hausa da aka buga a kowace shekara, da sunan maɗaba'a da garin da aka buga. Na huɗu, idan muka koma gida hutu, mu tambayi iyaye da kakanni ko akwai tsofaffin takardun ajami a gidan, mu nemi izini mu ɗauki hotonsu, mu rubuta sunan mai su da wanda ya kwafa, mu kawo wa malamanmu. Ma'aikata matasa da suke tare da mu a yau, waɗanda Allah ya hore wa albashi, su ma suna da rabo a wannan aiki, domin kuɗin buga kwafi 200 bai fi ƙarfin mutum biyar da suka haɗa kai ba, kuma Sylvia Beach ba attajira ba ce lokacin da ta ɗauki nauyin littafin Joyce. Wa ya sani, ko cikin gafakar da ke rataye a zauren gidanku akwai waƙar da ramzinta zai nuna 1340 ko 1341, mu sami abin da za mu saka a jerin 1922 da sunan Hausa.

A nan za mu dakata.  Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ji ƙan magabatanmu da suka bar mana abin karantawa.